Yaya iyali za su kiyaye makonnin jiran zuwan Almasihu ba tare da hidimar Kirsimeti ta cinye su ba?

Wata uwa, Tumfure, Gombe

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. 'Ya'yana huɗu ne, kuma kowace shekara da zarar Disamba ta kama, hirar gidanmu takan koma ta ɗinki, da buhun shinkafa, da kuɗin motar zuwa ƙauye. Bara mun wayi gari ranar 25 ga wata a gajiye, da bashi a kanmu, ba mu taɓa zama tare mun karanta labarin haihuwar Yesu ba, abin da har yanzu yake damuna. Bana ina so makonni huɗun nan na jiran zuwansa su zama na addu'a da natsuwa. Ta ina zan fara?

Dattijo, Billiri

'Yata, ki fara da sanin ranar da lokacin yake kamawa, domin wanda ya jira sai tsakiyar Disamba, kasuwa ta riga ta kwashe shi. Yakan fara ne a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda take faɗawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A gidana muna karanta Bisharar Luka, sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, kuma da yake surorinta 24 ne, in aka fara ranar 1 ga Disamba sai a kammala a jajiberin Kirsimeti. Yaran sukan ji haihuwarsa da gicciyensa da tashinsa a jere, su gane wane ne jaririn da ke cikin komin dabbobi. Ran Lahadi kuma mukan ƙara da annabawa, musamman Ishaya 9:6 da Mika 5:2, inda aka ambaci Baitalami. Ki sa yaran su riƙa karɓa-karɓa wajen karatun, ko da suna tuntuɓe.

Malamar makarantar Lahadi, Yelwa, Bauchi

Yaya, zan ƙara a kan abin da Baba ya faɗa, domin ƙananan yara sun fi riƙe abin da idonsu ya gani. A cocin Katolika da na Angalika ana kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi har su cika huɗu. Al'adar ta samo tushe ne daga wani mai hidimar bishara a Jamus, Johann Hinrich Wichern, wanda a 1839 ya jera kyandirori a kan tsohuwar ƙafar keken doki domin yaran talakawa da yake reno a Hamburg su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Ni kyandir huɗu na kanti nake kafawa a faranti mai yashi, saboda iskar hunturu da hannun yara, mu kunna, mu rera waƙa ɗaya, autanmu ya yi addu'a.

Uba, Kaltungo

Ina da ɗan ja a wuri ɗaya, ranku ya daɗe. Kada sauƙaƙawa ta sa a hana yara sabon kaya, domin yaron da ya ga tsaransa sun yi ado shi bai yi ba, zai ɗauka ibada ce ta jawo masa rashi. Abin da muke yi ni da maiɗakina shi ne mu yanke adadin kuɗin hidimar tun watan Nuwamba, mu kai wa tela yadi kala ɗaya da wuri, mu kuma ware kason gwauruwar da ke unguwarmu da abincin da muke aika wa maƙwabtanmu Musulmi. Na kan tuna wa kaina da Luka 2:24, inda Yusufu da Maryamu suka kai hadayar tsuntsaye biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago.

Wata uwa, Tumfure, Gombe

Na gode ƙwarai, Baba da sauran 'yan'uwa. Na yi magana da maigidana daren jiya, ya yarda da karatun Luka, kuma gobe zan kai yadin yaran wurin tela. Tambayata da ta rage ita ce, surori masu tsawo kamar ta farko, mai ayoyi 80, kuna raba su ne saboda ƙananan yara, ko kuna karantawa gaba ɗaya?