Neman shawara: Oracle Database Appliance ta iso, shugabanni na son a kunna ta cikin mako ɗaya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina kula da rumbun bayanai na wani kamfani a Kano, kuma a makon jiya aka kawo mana Oracle Database Appliance, wato na'urar kamfanin Oracle ta ajiye rumbun bayanai, mai sabar biyu da ma'ajiyar faifai ɗaya a tsakaninsu. Shugabanni suna son mu kwashe bayanan abokan hulɗa daga tsohuwar sabarmu mu zuba a cikinta nan da mako ɗaya. Tunanina shi ne in zaɓi tsarin kwafi biyu a ASM (manhajar Oracle mai sarrafa faifai, wadda ke ajiye kwafi biyu ko uku na kowane bayani) domin mu sami fili mai yawa, in kuma kunna dukkan ƙwayoyin sarrafawa (cores na CPU) tun farko. Ban taɓa girka irinta ba, kuma amanar bayanan mutane ce a wuyana, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka riga ni su duba mini.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da maganar ƙwayoyin nan tukuna. Idan lasisin Enterprise Edition na manhajar rumbun Oracle kuka saya, Oracle tana lissafa lasisi ɗaya a kan kowace ƙwaya biyu ta Intel da aka kunna, kuma ƙa'idar wannan na'ura ta yarda a ƙara adadin daga baya amma ba ta yarda a rage shi ba. Saboda haka ka ɗauko takardar lasisinku, ka ƙidaya abin da kuka biya, ka saita adadin da odacli, manhajar ba wa na'urar umarni, kafin ka ƙirƙiri rumbu ko ɗaya. Na ga inda aka bar komai a kunne, da masu binciken lasisi suka zo sai kuɗin lasisi ya zarce abin da aka tanada nesa ba kusa ba.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan mai amsa ta farko, amma ni damuwata tana kan faifai. Kwafi biyu zai bar maka kusan rabin filin, kwafi uku kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka na fahimci abin da ya ja hankalinka. Sai dai idan faifai ya mutu a nan, sabon da za a turo yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, kuma idan babu isasshen filin da ASM za ta sake yin kwafin, a tsawon kwanakin wasu bayananka suna kan kwafi ɗaya tak. Ga bayanan abokan hulɗa, ni kwafi uku zan zaɓa. Haka kuma rabon fili tsakanin DATA (wurin bayanan) da RECO (wurin abubuwan dawo da bayanai) ana yanke shi ne ranar girkawa: idan kwafin ajiyar da RMAN (manhajar Oracle ta yin kwafin ajiya) ke yi zai tafi wajen na'urar, DATA za ta iya ɗaukar kashi 80 cikin 100, idan kuwa a ciki zai zauna, RECO ce za ta ci kaso mafi girma. Sauya wannan daga baya yana nufin sake girka na'urar. Shawarata ita ce ka fitar da kwafin ajiyar waje, domin sabar biyu a akwati ɗaya ba za su cece ka daga gobara ba.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, kafin duk wannan ka tabbatar DNS (mai fassara sunayen sabar zuwa adireshi) da NTP (mai daidaita agogo) suna aiki, ka kuma bai wa ILOM, kafar kula da sabar daga nesa, adireshinta, domin ta nan za ka shiga idan na'urar ta ƙi tashi. Kowace sabar tana da mashigar wuta biyu. Kada ka haɗa su a layi ɗaya, kuma ka gwada UPS, batirin riƙe wuta, a daidai lokacin da ake komawa janareta. Ka rufe ɗakin sosai saboda ƙurar hunturu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, lasisi huɗu muke da su, wato ƙwaya takwas ke nan a sabar biyun gaba ɗaya. Gobe zan rubuta wa shugabanni in nemi ƙarin mako biyu, domin in gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya kafin mu kashe tsohuwar sabar.