Neman aiki a harkar mai da gas: wace takarda ce ta farko, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ƙannenmu da suka gama bautar ƙasa, masu digiri da masu HND, har da masu sana'ar hannu: ta ina ake shiga harkar mai? Wani an ce masa ya fara da BOSIET, wato takardar horon tsira ga masu aiki a teku, wani an ce NEBOSH, wato takardar ilimin kiyaye haɗari a wurin aiki, kuɗin kuma ba na wasa ba ne, wasu har gona ake sayarwa. Waɗanda ke cikin aikin, don Allah kowa ya warware mana ɓangarensa.

Ɗan Fatakwal:
Wa alaikumus salam Baban Hanif. Bari in fara da BOSIET tunda a nan kuɗin yara ya fi ƙonewa. Wannan takarda ba ta nuna ka iya komai na aiki. Abin da take nunawa kawai shi ne an koya maka yadda za ka tsira idan jirgi mai saukar ungulu ya faɗa teku ko gobara ta tashi a dandamalin haƙar mai. Kwas ne na kwana uku, takardar tana aiki shekara 4, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ka yi, ko kana aiki ko kana zaune a majalisa. Gwajin lafiyar da ke tafiya da ita shekara 2 ne. To wanda ya yi su ba shi da sana'a a hannu, kafin a kira shi rabin kwanakin sun tafi. Kamfanin da ya ɗauke ka ma'aikacinsa na dindindin shi ke biya maka. Masu samar da leburori na kwangila ne suke son ka zo da abarka, su ma sai sun ga abin da ka iya tukuna.

Idan lokacin yin ta ya zo, a tabbatar cibiyar tana cikin jerin waɗanda OPITO, ƙungiyar da ke tsara wannan horon, ta amince da su, ana dubawa a shafinsu. Bayan ita akwai katin OSP, wato izinin aiki a teku, na hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai, wadda ta gaji wannan ɓangare daga tsohuwar hukumar DPR, babu shi ba a hawa jirgi zuwa teku.

Sannan maganar ruwa, wadda ta shafe mu 'yan Arewa sosai. Ana ɗaure ku da bel a cikin wani akwati mai siffar cikin jirgi, a nutsar da shi a tafkin horo, a kife shi ƙafa sama kai ƙasa. Ƙa'idar ita ce hannu ɗaya a kan taga, ɗaya a kan makullin bel. Ka jira juyin ya tsaya cak, ka ture tagar, sannan ka kwance bel ɗin. Mai kwancewa da wuri sai ruwa ya ɗaga shi, ya rasa ina sama ina ƙasa, ya rasa tagar gaba ɗaya. Rigar ceto kuma ba a hura ta a ciki, don za ta manne ka da rufin. Ba gwanin iyo ake nema ba, wanda ba zai firgita ba ake nema. Wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba ya yi sati biyu yana zuwa wurin ninkaya yana saba wa fuskarsa da ruwa.

Maman Ilham:
Ni ta ɓangaren tantance takardu zan yi magana, don mutane da yawa tun kafin jarrabawa ake zubar da su ba su sani ba. Babbar matsalarmu suna. WAEC ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, NIN ta ce Muhammadu, a wata takardar kuma an ƙara sunan gari a ƙarshe. Ranar haihuwa ita ma iri biyu. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba, mai tantancewar da ke da dubban takardu a gabansa kuma ba zai kira ka ya tambaya ba. A daidaita su tun yanzu, a yi takardar rantsuwa a kotu, a ajiye. Kada a jira sai an buɗe shafin ɗaukar aiki, gyaran NIN ba ya ƙarewa a sati guda.

Na biyu, gurbin sababbin masu digiri yana da iyakar shekaru, galibi ƙasa da talatin, ana kuma neman takardar kammala bautar ƙasa a hannu, ba alkawarin za a gama ba. Jarrabawar farko a kwamfuta ce: lissafi, fahimtar Turanci, da gane tsarin siffofi. Tambayoyin ba su fi ƙarfin mai digiri ba, lokaci ne ke kayar da mutane, kusan minti ɗaya ga kowace tambaya. A riƙa gwaji da agogo a gaba, a kwamfuta ba a waya ba. Tambayar da ta cije a wuce ta.

A kuma yi rajista a rumbun NOGIC JQS, wato shafin adana bayanan ƙwararru da masu neman aiki a harkar mai, na hukumar NCDMB da ke Yenagoa, mai kula da shigar 'yan ƙasa cikin harkar. Kyauta ne, daga cikinsa suke zaɓar waɗanda za a ba horo, kuma 'yan Arewa ba su cika damuwa da shi ba.

Ogan Walda:
Hajiya ta yi maganar masu digiri, ni zan yi ta masu hannu, don a ganina ƙofarmu ta fi faɗi. Amma a sani, waldar ƙofa da taga daban, waldar bututu daban. A wurin aikin bututu babu mai duba CV ɗinka da farko, guntun bututu biyu za a miƙo maka. Gwajin da ake kira 6G: an kafe bututun a karkace, kusurwa 45, ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi, ƙasa, gefe da sama duk a haɗi ɗaya.

A aikin matata da tashar gas yawanci zagayen farko da TIG ake yi, wato walda da iskar agon, a cike da sandar walda mai lamba 7018. Tazarar bakin bututun wajen milimita 2.5 zuwa 3. Ta matse, narkakken ƙarfen ba zai ratsa ciki ba. Ta buɗe da yawa, ya zubo ciki ya yi tsiro. A shimfiɗa dogon bututu a daji kuwa an fi amfani da sandar 6010 ana gangarowa daga sama, bisa ƙa'idar waldar bututu ta API 1104. Wanda ya saba hawa daga ƙasa sai ya sake koyon hannu.

Abin da ke kayar da mutane a hoton eksire da ake ɗauka don duba cikin waldar abu uku ne. Ƙananan ramuka, waɗanda iska ke jawowa idan ta kore agon, ko sandar da ta sha danshi. 7018 ana gasa ta a wajen digiri 350 na ma'aunin Celsius, a ajiye ta a tanda mai digiri 120 zuwa 150, ka ɗebo kaɗan a 'yar tandar hannu. Wanda ya zuba ta a aljihun riga tun safe ya riga ya faɗi. Na biyu dattin walda da aka binne tsakanin zagaye da zagaye saboda ƙyuyar gurzawa. Na uku rashin kamawa a gefe, musamman a can ƙasan bututun inda hannu ke gajiya ido kuma ba ya gani sosai. A waje sai ka ga waldar ta yi kyau kamar kitso, hoto ya fito ya tona asiri.

Wani abin da yara ba su sani ba: a ƙa'idar walda ta ASME idan ka yi wata shida ba ka yi walda da wannan hanyar ba, shaidarka ta mutu. Kowane sabon aiki kuma sai an sake gwada ka. Don haka kuɗin da za a kashe wajen tara takardu gara a kashe shi a sayen guntayen bututu da sanduna a yi ta gwaji. A nemi shiga a matsayin mataimakin mai walda ko mai gurza a wurin 'yan kwangilar da ke ƙarƙashin manyan ayyuka. Bututun gas na AKK kaɗai, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne, kuma gas ɗin da zai kawo sai an ja masa rassa zuwa masana'antu da tashoshi.

Baban Hanif:
Oga, Allah ya saka. To NEBOSH fa? Ita ce yara mata da maza suka fi tambaya.

Malam Na-Kakuri:
NEBOSH takarda ce mai daraja, amma masu ita sun yi yawa, kuma jami'in kiyaye haɗari da bai taɓa tsayawa a filin aiki ba ba ya daɗewa a intabiyu. Za a ce masa ga tanki za a shiga a wanke, me za ka duba kafin ka sa hannu a takardar izini? Idan bai ambaci gwajin iskar ciki ba, da rufe bawul a sa masa kwaɗo da alama, da mai gadi a bakin ƙofar, an gama da shi. A fara da aikin gini ko masana'anta shekara ɗaya ko biyu, sannan a ɗora ta a kai.

Masu HND na lantarki kuwa ina ba su shawarar na'urorin awo, wato masu auna matsi da zafi da gudun ruwa. Ana neman su a matata, a tashar gas, a kamfanin siminti da na taki, ka ga ko harkar mai ta yi sanyi ba ka zauna ba. Tambayar da kusan ba ta wuce intabiyu: me ya sa siginar na'urar awo take 4 zuwa 20 mA (ma'aunin wutar da ke bin waya) ba 0 zuwa 20 ba? Amsa: don idan ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke ko wuta ta ɗauke, ba tanki ne ya ƙare ba. 12 mA kuma rabi ne daidai. A iya karanta zanen P&ID, wato zanen bututu da na'urori, a iya bin layi da yatsa daga famfo zuwa tanki ana faɗin aikin kowace alama. Kwalejin horon harkar mai ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tana koyar da wannan fannin, kuma sunanta yana da nauyi a wurin masu ɗauka.

Sai dai mu gaya wa juna gaskiya, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, aikin haƙar mai na Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 bai kai ga ɗaukar jama'a da yawa ba. Yawancin guraben suna Legas, Fatakwal, Warri, Bonny da matatar Dangote a Lekki. Wanda ba zai iya barin gida ba ya san wannan tun farko.

Ɗan Damagaram:
A wajenmu Nijar tsarin ya ɗan bambanta. Rijiyoyin suna Agadem a jihar Diffa, matatar SORAZ tana kusa da Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana, ga kuma bututun da ya tafi Seme a Benin, kusan kilomita 2,000. Takardun neman aiki da Faransanci ake yi, ana kuma neman katin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Wanda ya haɗa Faransanci da Turancin aiki ya yi gaba, saboda da 'yan Sin ake hulɗa kuma littattafan injuna da yawa da Turanci suke. 'Yan uwanmu na Najeriya su lura, an fi ba 'yan ƙasa fifiko, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai kai ku Agadem.

Ɗan Fatakwal:
Akwai maganar da ba a cika faɗa ba sai mutum ya isa bakin jirgi: gemu. A wuraren da ake da iskar H2S mai guba, ko inda aikinka zai sa ka sanya na'urar numfashi, ana buƙatar fuskar roba ta manne da fata, gashi kuwa yana buɗe mata hanya. Iskar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, idan ta kai wajen 100 ppm, wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin, sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta tafi. Ta fi iska nauyi, tana taruwa a rami da kwari, shi ya sa idan ƙararrawa ta buga ake duba tutar iska a gudu gefe ko inda iskar ke fitowa, ba inda take tafiya ba. Ba kowane wuri ke da wannan doka ba, ba kuma kowane matsayi ba. Wanda abin ya dame shi ya tambaya tun a intabiyu, ya yi shawara da malaminsa, ya yanke hukunci yana gida, ba sai ya ajiye wani aikin ya taho ba.

Maman Ilham:
Kafin a sa hannu a takardar ɗauka a duba sunan wane ne a samanta. Mutum zai yi shekaru a harabar babban kamfani sanye da rigarsu, alhali ma'aikacin ɗan kwangila ne. Ba laifi ba ne, da yawa ta nan suka shiga, amma a tambayi abu huɗu: albashin wata ne ko kuɗin yini, ana biyan kwanakin hutu idan tsarin sati biyu ciki sati biyu waje ne ko kwana 28 ciki 28 waje, akwai inshorar lafiya, kuma ana zuba fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 10 daga kamfanin da ya ɗauke ka, kashi 8 daga ma'aikaci, da inshorar rai ta ninkin albashin shekara sau uku. Bayan wata uku a duba asusun fanshon da ido, don akwai masu cirewa a takardar albashi ba su zuba ba.

Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko kuɗin gwajin lafiya a asusun mutum, ko ya aiko takardar ɗauka daga adireshin Gmail ba a yi maka intabiyu ba, damfara ce. Wanda ya ce yana da gurbin sayarwa shi ma haka.

Ogan Walda:
Ƙari kaɗan ga masu zuwa gwaji. Ku tafi da hular waldarku da safar hannun da kuka saba da su, sabuwar safa tana hana jin wayar TIG a yatsa. Ku nemi guntun ƙarfe ku daidaita wutar injin kafin ku taɓa bututun gwajin, don kowane inji da halinsa, lambar da ke jiki ba lallai ta zama gaskiya ba. Idan an gama zagayen farko kada ku ɗora na biyu sai mai dubawa ya leƙa da tocila ya sa hannu, wanda ya wuce wannan matakin ko waldarsa ta fi ta kowa kyau sai an yanke ta.