Shawarwari kan sayen Toyota Highlander ta hannu

Masu gyaran mota da suka tattauna kan samfurin 2014 zuwa 2019 sun fi karkata ga XLE cikin matakan motar (LE, XLE da Limited na daga cikinsu), domin tana da kujerun fata da rufi mai buɗewa, kuma ba ta kai Limited tsada ba. Sun ce a guji LE mai inji lita 2.7, domin nauyin motar ya fi ƙarfinsa idan iyali sun cika ta. A nemi V6, wato inji mai silinda shida, mai lita 3.5. Daga 2017 giyar mai V6 ta koma takwas, kuma birkin gaggawa mai kama kansa ya zo a kowane mataki.

Kada a yarda da tambarin baya mai nuna matakin motar, ana sauya shi. A binciki lambar VIN, wato lambar shaidar motar, don a tabbatar. A zuba ruwa kan rufin a duba ko yana yoyo, don magudanarsa kan toshe.