Muhawara: Mai zunubi yana da daraja a gaban Allah kafin ceto?

Ɗalibin tauhidi: Salama gare ku. Ina nan a kan maganata: tun faɗuwar Adamu, ɗan'adam ba shi da sauran daraja a gaban Allah sai in an cece shi. Ishaya 64:6 ya kwatanta ayyukan adalcinmu da tsummoki masu ƙazanta. Afisawa 2:1 ta ce matattu muke cikin laifofinmu. To me gawa ta mallaka?

Malamar makarantar Lahadi: Ƙanena, ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Cancanta daban, daraja daban. Ba mu cancanci ceto ba, wannan kam babu ja. Amma buɗe Farawa 9:6. Bayan faɗuwa ne, bayan ruwan tsufana ma, Allah ya gaya wa Nuhu dalilin da ya sa jinin mutum ba abin zubarwa ba ne: an halicce shi cikin surar Allah. Yakubu 3:9 ma ya tsawata wa harshen da ke yabon Ubangiji yana kuma zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Bai ce masu bi kaɗai ba.

Ɗalibin tauhidi: Yaya, ta wannan ƙofar Pelajiyus, wani malamin Kirista na dā, ya shiga. Ya koyar da cewa mutum zai iya yi wa Allah biyayya da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na birnin Hippo, ya ja da shi, majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a birnin Kartaj kuma ta ƙi koyarwar a shekarar 418.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, bi a hankali, kada ka ɗora wa yayarka kayan da ba nata ba. Rigimar Pelajiyus a kan iko ce: shin mutum zai iya tashi da kansa? Amsa ita ce a'a, kuma yayarka ba ta ce zai iya ba. Ko taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Dort daga 1618 zuwa 1619, wanda ya tsananta sosai a kan lalacewar ɗan'adam, ya yarda akwai ɗan sauran haske a cikin mutum bayan faɗuwa, sai dai hasken bai isa ya kai shi ga ceto ba. Zunubi ya taɓa tunaninmu, zuciyarmu da nufinmu, babu inda ya bari. Amma ka tuna matar nan ta Luka 15 mai kuɗin azurfa goma. Ɗaya ya ɓace, ta kunna fitila, ta share gida har ta same shi. Yana kwance cikin ƙura, amma azurfa ce. Wa zai kunna fitila don neman tsakuwa?

Ɗalibin tauhidi: Baba, amma kuɗin bai nemo kansa ba.

Dattijon ikilisiya: Ko kusa. A nan bakinmu ɗaya.

Mai jagorar waƙa: Ni dai ina jin tsoron da ɗan'uwanmu yake ji. Yau ana wa'azi kamar Allah ya ga kaya masu kyau ne ya biya farashinsu. In haka ne, ina alheri? Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ƙaunarsa ce ta fara, ba wani abu namu ne ya jawo shi ba.

Malamar makarantar Lahadi: Na yarda darajar kyauta ce, ba guminmu ba. Tambayata ita ce yaushe aka ba da ita. Ni na ce tun halitta. In sai ranar tuba ake samunta, maƙwabcinka da bai ba da gaskiya ba mene ne a idonka?

Mama: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ɗana ya faɗa shaye-shaye. Ranar da na samu ya yarda ya bi ni sujada, mai wa'azi ya yi ta nanata cewa mu ba kome ba ne, tarkace ne kawai. Da muka fito yaron ya ce mini, "Mama, ai na riga na sani." Bai sake komawa ba. Zunubinsa bai ɓoyu gare shi ba. Abin da bai taɓa ji ba shi ne har yanzu ana nemansa.

Ɗalibin tauhidi: Mama, ki yi haƙuri, wannan ya taɓa ni. Na janye kalmar daraja, cancanta ya kamata in ce. Sai dai ba zan saki Afisawa 2:8 ba: ta wurin alheri aka cece mu, ba daga kanmu ba. Yana gida yanzu? In kin yarda, ni da Baba mu zo mu gaishe shi.