Tsoffin kibau na faiba-gilas, a harba ko a zubar?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar baka da kibiya ku taimaka min. Ƙanena ne ya sayo kibau guda 12 a burokant (shagon kayan gwanjo) nan Garwa, jaka 3 duka, irin na Turawan nan masu gashin roba a gindi, jikinsu faiba-gilas. Mai shagon ma bai san shekarunsu ba, cikin kwantena suka zo da tarkace. Wasu sun koɗe sun yi fari-fari, in ka shafa sai hannu ya kama ƙaiƙayi. Bakanmu na koyo ne, ƙarfin jansa laba 24, amma akwai abokinmu mai irin babban nan mai 'yan tayoyi sama da ƙasa, laba 55, shi kuma ya matsa wai a ba shi ya gwada. To akwai hatsari ne ko tsoro na ne kawai?

Tsohon Maharbi, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokin nan naka kar ka ba shi ko ɗaya, wannan kam ba sai an yi shawara ba. Duk kibiya lanƙwashewa take yi lokacin da tsirkiya ta tunkuɗo ta, ido ne dai baya gani, in bakan ya fi ƙarfinta ko da ma tana da tsaga a ciki to nan take fashewa, kuma a ina? daidai kan hannun da ya riƙe bakan. Mu da kyauro muka tashi, shi kyauro in ya tsufa kana gani kana ji, wannan kuwa sai ya ruɓe ta ciki waje yana sheƙi.

Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya wuri shiru, ka riƙe kai da gindi ka ɗan lanƙwasa nesa da fuskarka, ka juya ka sake, har ka zagaye ta. In ka ji ƙas-ƙas ko ƙara komai ƙanƙantarta ta mutu. Sai ka bi jikinta da auduga, inda audugar ta maƙale zare ya tashi kenan. Wadda ta faɗi gwajin kar ka jefa bola haka nan, karya ta tukuna, in ba haka ba gobe za ka gan ta hannun yaran unguwa.

Ɗan Garwa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Su masu ƙaiƙayin fa, in na goge da sanfefa na shafa fenti ba za su yi ba?

Mai Walda, Injamena:
A'a yaya kar ka fara wlh. Faiba-gilas zaren gilashi ne aka haɗe da wani danƙo, danƙon shi ke riƙe komai, rana ce ke cinye shi har zaren ya fito fili, shi ne farin da ka gani da ƙaiƙayin. Sanfefa ƙara cinye zaren za ta yi, fenti kuma ɓoye maka ciwon kawai zai yi, ga ƙurar ma ba ta da kyau a ido da huhu. Ni a ganina ba shekarun ne matsala ba, inda suka kwana ne. Kibiyar da ta zauna a akwati cikin inuwa daban, wadda ta sha rana a bakin shago ga zafinmu na Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40 daban.

Kuma ka duba 'yar robar gindi inda tsirkiya ke shiga, ita ta fi saurin bushewa, in ta tsage lokacin saki kamar ka saki baka ba kibiya ne, bakan kansa yana iya tsagewa. Waɗannan kam canja su duka ko da sun yi kyau a ido.

Ɗan Kusiri:
Kai jama'a kun cika tsoratarwa. Ai iri biyu ne, akwai mai rami a ciki kamar bututu akwai cikakke. Cikakken shi ake ba yara a wajen koyo don yana shan wuya, da shi ma Turawa suke harbin kifi saboda nauyinsa. In cikakku ne kuma sun ci gwajin Baba, laba 24 ba zai musu komai ba. Mai ramin ne ni ma bana yarda da tsohonsa. Cire robar gindin ka leƙa za ka gane. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne tsawo, ka ja baka har ƙarshe wani ya duba maka, kan kibiyar ya zama ya wuce bakan da kamar santimita 3, gajeriya zamewa take ta sauka a bayan hannu.

Maman Biyu, Ngaundare:
Ɗan Kusiri ba tsoratarwa ba ce ƙanena, ni aikin jinya nake. Sartsen gilashi ba irin na itace ba ne da za ka sa allura ka cire, siriri ne baka ganinsa, kana ja yana karyewa a ciki. In tsautsayi ya faru kar a tsaya tono a gida, a ɗaure a tafi asibiti, a tambaya a kan allurar tetanus ma.

Ɗan Garwa:
Toh na leƙa, duka masu rami ne. 5 sun yi ƙara, 3 auduga ta kama, na kakkarya su ƙanena sai kumbure-kumbure yake wai jakarsa 3. Sauran 4 shiru, na ajiye su sai na samu robar gindi. Wa ya san inda ake sai da ita, ko sai an aika Yawunde?