Kuloci ya kwanta min a hawan Hada, wa ya taɓa gani?

Ɗan Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a na kama hanyar Ɗa'if ta Hada da motata mai giya shida. Cunkoso ya riƙe mu a kwanoni, a matsa a tsaya. Ina taka kuloci sai ya tafi ƙasa ya ƙi dawowa, sai da na sa bakin takalmi na ɗago shi, giya ta ɗaya kuma ta ƙi shiga. Na faka kusan rabin awa, da ta huce ta koma garau kamar ba ita ba. Faifan kulocin ne ya ƙare?

Bakanike a Makka: Wa alaikumus salam. Ƙanena, faifan da ya cinye ba ya warkewa don an huta. Alamarsa daban ce: ka ba ta wuta, inji ya yi ta ihu, mota ba ta ja. Naka mai ne ya tafasa. Kulocin yawancin motoci da man birki yake aiki, shi kuma man birki shan laima yake, ga Jidda a bakin teku. Man birki nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Bututun kuma yakan bi kusa da zafin salansa. Da man ya zama tururi, ƙafarka iska take matsawa. Yaushe rabonka da canza shi?

Ɗan Jidda: Wallahi Malam tunda na saye ta ban taɓa ba.

Mazaunin Riyad: Allah ya sa iyakarta ke nan. Tawa haka ta fara, ashe silindar ƙasa, wadda mai ke turawa ta saki kuloci, ce ke yoyo, kuma irin wadda ke cikin gidan giya ce, ba a ganinta daga waje. Mai na raguwa, ƙasa babu ɗigo. Kafin in farga ya jiƙa faifan. Sai da aka sauke giya gaba ɗaya a sina'iyya, unguwar garejoji, kuɗin aiki ya fi na kayan. In dai an sauke, canza faifai da silindar lokaci guda, kar ka biya sau biyu.

Wani daga Madina: Ni da kaina na jawo wa kaina. Na sa kuloci mai tauri na 'yan tsere a motar zuwa aiki. Gwiwata ta gaya min, bayan 'yan watanni silindar sama, ta wajen abin takawa, ta fara saki. Na mayar da na kamfani.

Bakanike a Makka: Kuma ku daina riƙe mota da rabin kuloci a kan tudu, birkin hannu na nan. In za ka sayi man birki, duba kwalbar da kyau: DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, kar ya shiga.

Ɗan Jidda: Na gode Malam. An zuƙe tsohon man jiya, baƙi ƙirin ya fito kamar shayin da ya kwana. An zuba sabo an fitar da iska, takawar har ta yi ƙarfi. Ban dai sake hawa Hada ba tukuna.