Bawul ɗin PCV na Highlander Hybrid ya ƙi kuntuwa, a taimaka

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana mota. Ina da Toyota Highlander Hybrid (mai aiki da fetur da lantarki) ƙirar 2008, mai injin V6 lita 3.3, ta haura kilomita 300,000. Kwanan nan ta fara shan baƙin mai, kuma da na cire tiyon iska sai na tarar da maiƙo a ciki. Shi ya sa na zargi bawul ɗin PCV, mai maida tururin cikin inji ya ƙone.

Na sayo sabo, in na girgiza shi yana ƙara kas-kas. Tsohon yana kan murfin inji na baya, can a lungu, da ƙyar yatsuna ke taɓa shi. Tiyonsa ya bushe ƙamas kamar ƙashi, sifana kuma sai zamewa take yi. Kwana biyu ina fama, na tsaya don kada in karya shi a ciki.

Wanda ya taɓa yi, dole ne sai na sauke manifol na sama, wato bututun da ke raba wa inji iska? Sannan wayoyin nan masu ruwan lemo, masu ɗauke da wuta mai ƙarfi ta babban batir, suna ba ni tsoro. Kashe motar da cire kan ƙaramin batir ya isa?

Don Allah a taimaka, da ita nake kai yara makaranta.